Daga Kakalaba zuwa Littafin Rajista: Tarihin Sanƙarau da Darasinsa ga Ƙaraye da Rogo

Idan ka zauna da dattawan ƙasar Kano ka tambaye su shekarar da aka haifi wane, ba kasafai za su ba ka lamba ba. Za su ce an haife shi shekarar fari, ko shekarar da ƙyanda ta shiga gari, ko shekara biyu bayan babbar yunwa. Kakanninmu sun riƙa raɗa wa masifu suna kamar yadda ake raɗa wa jariri. Yunwar 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba, ta 1942 ita ce 'Yar Gusau, 'yan'uwanmu na Nijar kuwa har yau suna kiran yunwar 1984 El-Buhari, domin ta faɗo daidai lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta. Suna yana riƙe abu a zukatan mutane har tsawon ƙarni guda. Sai dai akwai tambayoyin da suna ba ya amsawa: mutum nawa abin ya shafa, daga wane ƙauye ya faro, a wane wata ya fi tsanani, kuma yara ne suka fi faɗuwa ko manya. Amsoshin waɗannan tambayoyi su ne ke ba al'umma damar shiryawa kafin masifar ta sake zagayowa.

Aikina harhaɗa magunguna ne a asibiti, kuma wannan aiki ne ya sa na damu da batun. Duk maganin da ya shigo ma'ajiyarmu, wata lamba ce ta kira shi. Muna duba abin da aka sha a watannin baya, da yawan marasa lafiyar da aka rubuta, sannan mu nemi na gaba. Ciwon da ba a rubuta ba, ba a yi masa tanadi. A wannan rubutu zan bi tarihin cuta guda, wato sanƙarau, domin a tarihinta ake ganin yadda ƙirga marasa lafiya ya tashi daga abin tsoro ya zama abin da ke ceton rai, da kuma rawar da gidajen Ƙaraye da Rogo ke takawa a cikin wannan lissafi.

Zamanin da ƙirga ke nufin haraji

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, kuma ƙidayar farko da talaka ya sani a hannunsu ta haraji ce da jangali. Malamin haraji yana zuwa da littafinsa, mai unguwa da dagaci suna faɗa masa sunayen magidanta da yawan shanu, lissafin ya wuce wurin hakimi, daga nan zuwa birni. Wanda aka ƙirga, shi zai biya. Ba abin mamaki ba ne da mutane suka koyi ɓoye saurayin da ya isa biyan haraji da rage yawan garke. Sai a 1979 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano, amma ɗari-ɗarin da ake yi da mai littafi da alƙalami bai tafi tare da su ba. Ga kuma kunya irin tamu, wadda ke sa uwa ta ƙi faɗin yawan 'ya'yanta ko ta tsallake ɗan fari idan tana lissafi.

Yunwar Kakalaba ta nuna inda hankalin hukuma yake a wancan zamani. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya, sannan damina ta ƙi a 1913. Littattafan gwamnati sun riƙe nauyin gyaɗar da aka loda a jirgi da kuɗin harajin kowace gunduma, amma mutanen da yunwa ta kashe kiyasi kawai aka yi musu bayan an riga an binne su. Lissafin da ya zo bayan jana'iza tarihi yake rubutawa, ba ya ciyar da kowa.

A cikin wannan zamani ne, a 1905, likitocin Turawa suka rubuta rahoton babbar annobar sanƙarau ta farko a Arewacin Nijeriya. Daga nan cutar ta riƙa zuwa tana komawa: farkon shekarun 1920, ƙarshen shekarun 1930, sannan wata gagaruma a 1949 da 1950. A idon wanda ke ƙauye ɗaya, kowane zuwa sabon bala'i ne da ya faɗo babu sallama. Sai da aka jera rahotannin shekaru da yawa na ƙasashe da yawa gefe da gefe aka ga cewa cutar tana da hanya da lokaci.

Abin da alƙaluma suka fara nunawa

Wanda ya yi wannan jeri shi ne wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie. A 1963 ya fitar da nazarinsa ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ya nuna cewa manyan annobobin sanƙarau suna taruwa ne a wani ziri na ƙasa kudu da Sahara, inda ruwan saman shekara ke tsakanin milimita 300 da 1,100. Wannan ziri a yau an san ya taso daga Senegal ya dangana da Habasha, ya ratsa ƙasashe 26, kuma Jihar Kano tana cikinsa. Alƙaluman sun nuna cewa babbar annoba kan dawo duk bayan shekara biyar zuwa goma sha biyu, tana farawa da hunturu, ta kai ƙololuwa a tsakiyar bazara, ta lafa da zarar ruwa ya sauka.

A shekarun 1970 aka zurfafa wannan bincike a kusa da mu, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda Brian Greenwood da abokan aikinsa suka riƙa rubuta kowane majiyyaci da ranar zuwansa, suna gwada lissafin da yanayin iska. Sun ga cewa cutar tana hawa a lokacin da iska ta fi bushewa. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa masu lafiya ba tare da ta cutar da su ba, amma busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ta sami ƙofar shiga jini, daga nan ta kai ga lulluɓin ƙwaƙwalwa da na lakar baya. Cunkoso a ɗaki marar taga yana sauƙaƙa mata tsallakawa daga wannan zuwa wancan. A Zariyar kuma aka gwada allura guda ta chloramphenicol mai haɗin mai, wadda ta zama makamin yaƙi da annobar a karkara har tsawon shekaru masu yawa, domin ba ta buƙatar a kwantar da mutum ana yi masa allura sau huɗu a yini.

Ke nan tun kafin 1980 an san inda cutar ke zuwa, an san watanninta, an san maganinta. Abin da ya rage shi ne tsarin da zai kai labari da sauri daga ƙauye zuwa inda magani yake. Rashin wannan tsari ne aka biya farashinsa a 1996.

Shekarar 1996

Ina ƙarami a lokacin, amma duk wanda ya girma a ƙasar Kano ya ji labarin wannan shekara a gidansu. Tsakanin Janairu da Yunin 1996 an rubuta mutum 109,580 da suka kamu da sanƙarau a Nijeriya, 11,717 daga cikinsu suka rasu, wato sama da mutum ɗaya cikin kowane goma. A nahiyar Afirka baki ɗaya an rubuta sama da 250,000 da suka kamu, kimanin 25,000 suka rasu. Kano na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna, ga kuma ƙyanda da kwalara da suka haɗu da shi a lokaci guda. Saudiyya ta hana maniyyatan Nijeriya shiga aikin Hajji a wannan shekara. An yi wa mutum sama da miliyan 13 allurar rigakafi, amma mafi yawanta ta iso ne bayan wutar ta riga ta kama. Waɗannan alƙaluma kuma na waɗanda suka isa asibiti ne kawai. Wanda ya rasu a ɗakin uwarsa aka binne shi kafin la'asar bai shiga ciki ba.

A cikin wannan annoba ne kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa mai suna Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata, har a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Na kawo wannan ne saboda abin da ya bari a zukata. Lokacin da aka dakatar da allurar shan-inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Iyayen da ba su amince da asibiti ba suna riƙe ɗansu a gida, kuma duk yaron da aka riƙe a gida ya ɓace daga lissafi. Amana ita ce ƙasan da ƙididdigar lafiya ke tsaye a kai, kuma nauyin kiyaye ta yana wuyan mu ma'aikata kafin kowa.

Abin da aka gina bayan annobar

Abu uku suka fito daga darasin 1996. Na farko, a 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da ƙungiyar likitoci ta MSF da ƙungiyar agaji ta Red Cross suka kafa kwamitin da ake kira ICG, wanda ke riƙe da ajiyar allurar rigakafi ta gaggawa domin ƙasashen da annoba ta faɗa wa. Ƙa'idarsa ita ce, ƙasar da ke neman allura sai ta gabatar da alƙaluman waɗanda suka kamu mako-mako, yanki-yanki, da sakamakon ɗakin gwaji da ke nuna nau'in ƙwayar cutar. Idan takardun sun cika, kwamitin yana yanke hukunci cikin kwana biyu na aiki. Idan babu alƙaluma, allura ba ta fita daga ma'ajiya.

Na biyu, a 1998 ministocin lafiya na Afirka suka amince a birnin Harare da tsarin bai ɗaya na sa ido kan cututtuka, Nijeriya kuma ta fara aiki da shi a 2001. A ƙarƙashinsa kowace ƙaramar hukuma, har da Ƙaraye da Rogo, tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Ma'aikacin asibiti ko ɗakin shan magani yana cike takarda ya miƙa masa, shi ya tura wa ma'aikatar lafiya ta jiha, jiha ta tura Abuja, inda hukumar NCDC ke tattarawa a yau. Ko makon da ba a ga kowa ba ana so a rubuta sifili a aika, domin a bambance wurin da babu cuta da wurin da babu mai rubutawa.

Na uku shi ne haddi, wato lambar da idan aka kai ta dole a tashi tsaye. An fitar da ita ne daga nazarin tsofaffin rajistoci, musamman na Burkina Faso, inda aka duba yawan masu kamuwa a makonnin farko aka gano lambar da ke nuna cewa annoba na tafe. An gyara ta a 2000, aka sake gyarawa a 2014. A yadda take yanzu, a yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, idan aka sami uku da ake zargi cikin kowane 100,000 a mako guda, an kai haddin gargaɗi: a binciko, a ɗebi samfuri, a kai magani kusa. Idan aka sami goma cikin 100,000, an kai haddin annoba, kuma ana so a fara allurar gama-gari cikin mako huɗu. A yankin da bai kai mutum 30,000 ba, mutum biyu a mako guda gargaɗi ne, biyar kuma annoba.

Alƙaluma ne kuma suka nuna hanyar sabuwar allura. Tsohuwar allurar ba ta daɗewa a jiki fiye da 'yan shekaru, ba ta kare ƙananan yara sosai, shi ya sa ake jiran annoba kafin a yi ta. Gwaje-gwajen shekaru sun nuna cewa nau'in A ne ke haddasa mafi yawan annobobin zirin, kuma yara da matasa ne suka fi kamuwa. A kan haka aka ƙera MenAfriVac a Indiya, a farashin da bai kai rabin dala ba kowace guda, aka fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disambar 2010, Nijeriya ta bi a ƙarshen 2011, ana yi wa 'yan shekara ɗaya zuwa 29. Nau'in da ya yi ɓarnar 1996 ya kusan ɓacewa, kuma tun 2019 allurarsa tana cikin jerin rigakafin da ake yi wa jariri a wata tara.

Darasin Zamfara

Da nau'in A ya ja baya, sai wasu suka ɗauka an gama da sanƙarau. Ɗakunan gwaji ne suka nuna cewa nau'in C yana tasowa. A 2015 ya kama kimanin mutum 8,500 a Nijar. A Disambar 2016 ya ɓulla a Ƙaramar Hukumar Zurmi ta Jihar Zamfara, amma labarin bai kai ga hukumomin tarayya ba sai a Fabrairun 2017. Kafin damina ta kashe wutar an rubuta sama da mutum 14,500 da ake zargin sun kamu, sama da 1,100 suka rasu, akasarinsu a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Tsarin yana nan a rubuce, haddi yana nan, ajiyar allura tana nan, amma kusan wata biyu suka shuɗe kafin lambar ta isa inda za ta yi aiki. Samfuran da aka kai ɗakin gwaji kuma sun yi kaɗan, alhali sai da su ake sanin wace allura za a nema, domin allurar nau'in A ba ta kare mutum daga nau'in C.

Wannan lissafi na nau'o'i shi ya kai ga allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar: A, C, W, X da Y. Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da ita, a 2024, lokacin da cutar ta sake ɓulla a wasu jihohin Arewa, ciki har da maƙwabciyarmu Jigawa.

Mu dawo Ƙaraye da Rogo

Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Ƙaraye mutum 141,407, Rogo kuma 227,742, kowace tana da mazaɓu goma. Jama'a sun ƙaru tun daga lokacin, amma idan aka raba su mazaɓa-mazaɓa, za a ga yawancinsu suna ƙasa da 30,000 ne ko sun ɗara kaɗan. Ma'anar wannan ita ce, a Turawa ko Yammedi ko Kafin Dabga, a Zarewa ko Fulatan ko Gwangwan, yara biyu da wuyansu ya sanƙare cikin mako guda sun isa su sa a buga ƙararrawa. Hukuncin gida biyu ke nan. Idan gidan farko suka sayo ƙwayoyi a kemis suka zauna, gida na biyu suka kira wanzami, rajistar wannan mako za ta nuna sifili, jami'in sa ido zai tura sifili, Kano da Abuja za su ga lafiya lau. Ranar da lambar za ta bayyana, ta riga ta zama ashirin.

A ɓangarenmu na ma'ajiyar magani ga yadda lissafin yake. Maganin da ake amfani da shi yanzu lokacin annoba shi ne allurar ceftriaxone ta kwana biyar. Babban mutum yana buƙatar giram huɗu a yini, wato kwalba ashirin ta giram ɗai-ɗai kafin ya gama. Yaro mai nauyin kilo ashirin yana buƙatar kwalba goma. Manya hamsin za su cinye kwalba dubu, ban da ruwan allura da sirinji da ruwan ƙari. Ƙaramin asibiti ba ya ajiye wannan adadi haka kawai, domin magani yana da wa'adi kuma kuɗi ne. Gargaɗin makon farko shi ke ba mu damar nema kafin gadaje su cika. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na kawo awon ne domin a ga girman tanadin, ba domin a saya a yi a gida ba: wannan allura ce da likita ke rubutawa a yi a asibiti, kuma rabin awo yana ɓoye alamomin cutar, ya ɓata sakamakon gwaji, ya bar ƙwayar da rai.

Akwai wata matsala ta musamman ga yankinmu. Ƙaraye da Rogo suna bakin iyaka, Katsina daga yamma, Kaduna daga kudu. Mai rashin lafiya daga Rogo kan ga Zariya ta fi masa sauƙi, wani ya nufi Malumfashi, wani a wuce da shi birnin Kano wurin dangi. Idan a wurin yankar kati aka ba da adireshin ɗan'uwan da aka sauka gidansa, an rubuta cutar a unguwar da ba a can ta faro ba, ƙauyen da ke buƙatar allura kuma ya zauna fari fat a taswira. Don haka a duk inda aka je, a faɗi sunan garin da marar lafiya ya kwana a cikin kwana goman da suka wuce, da mazaɓarsa, da ƙaramar hukumarsa.

Ruwa da makabarta

Wannan hikima ba ta tsaya ga sanƙarau ba. A ƙasar Ƙaraye madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka kammala a 1992, mai ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Mutanen Kano ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a Agustan 1988 ba, haka nan ambaliyar 2001, lokacin da ruwan Tiga da Challawa ya mamaye garuruwa a Kano da Jigawa. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa, duka biyun daga awon shekarun baya. Bayan ambaliya kwalara kan biyo, domin ruwa yana haɗa masai da rijiya. A 2021 an rubuta sama da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da ita a Nijeriya, sama da 3,600 suka rasu, Kano na cikin jihohin da ke kan gaba. Unguwar da ta rubuta iyakar inda ruwa ya kai bara, da rijiyoyin da ya shiga, da gidajen da suka rushe, ta san inda za ta fara gyara bana. Wannan shi ne ruhin yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka cimma a birnin Sendai na Japan a Maris ɗin 2015, wadda ta sa fahimtar haɗari a gaba da komai, ta kuma nemi kowace ƙasa ta riƙa rubuta asarar da bala'i ya jawo mata.

Inda muka fi rauni shi ne rubuta mutuwa. Muna gaggauta jana'iza kamar yadda addini ya koyar, kuma wannan daidai ne, amma ba ya hana a sanar bayan an dawo daga makabarta. A Afrilun 2020, da mace-mace suka yawaita a birnin Kano, babu rajistar da za a buɗe a gwada da ta bara, sai da aka koma ga masu haƙar kabari da iyalan mamata ana tambaya. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an lissafa mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, sama da rabinsu a gida suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da cutar korona. Idan birni ya sha wannan wahala kafin ya san yawan mamatansa, sai a auna ƙauye. Amma mun kuma ga abin da ke yiwuwa idan sarakuna da masu unguwanni suka shiga aikin: da taimakonsu aka riƙa bin duk yaron da ƙafarsa ta saki gida-gida, har aka ga na ƙarshe da shan-inna ta asali ta kama a Jihar Kano a Sumaila cikin Yulin 2014.

Wani zai ce ƙirga mamata da marasa lafiya kamar jayayya ce da ƙaddara. Tarihinmu bai nuna haka ba. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da lissafin shekarun yalwa da na fari ya tanadi abincin da ya ceci Masar. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya sami labarin annoba a ƙasar Sham, ya juya da tawagarsa bai shiga ba. Labari ne ya zo musu a kan lokaci, suka yi aiki da shi.

Abin da ke wuyan iyali

Daga Disamba zuwa saukar ruwan sama, duk wanda zazzaɓi ya rufe shi farat ɗaya tare da matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, ruɗewa ko farfaɗiya, a kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne, domin sanƙarau na iya kisa cikin yini guda. Ga jariri a lura da kumburin maɗiga, ƙin kama nono, kuka marar tsayawa ko yawan barcin da ba a saba gani ba. Idan likita ya nemi ɗebo ruwan ƙashin baya, a yarda. 'Yan ɗigo ne ake ɗauka, jiki yana mayar da su cikin sa'o'i, kuma su ne ke nuna nau'in ƙwayar da za a nemo wa gari allurarta. Wanda ya warke a mayar da shi a duba jinsa, domin kurumta na cikin abin da cutar kan bari. A ajiye katin rigakafin yara inda ruwa da gara ba za su kai ba. Idan aka yi rasuwa a gida bayan gajeriyar rashin lafiya, musamman ta yaro ko matashi, a sanar da mai unguwa da ma'aikacin lafiya mafi kusa, ko da an riga an yi jana'iza.

Mu ma'aikata kuma akwai haƙƙin jama'a a kanmu: mu rubuta daidai, mu tura a kan lokaci, mu tsare sirrin marar lafiya, kuma mu dawo wa mutane da labarin abin da lissafinsu ya nuna, a masallaci da kasuwa da fadar dagaci, domin wanda ake karɓar bayani a wurinsa kullum ba a taɓa dawo masa da komai ba zai gaji ya yi shiru. Kakanninmu sun bar mana sunayen masifun da suka gani. Mu abin da za mu bar wa 'ya'yanmu shi ne rajista mai gaskiya, wadda za ta gaya musu wata da wuri da adadi tun abin yana gida biyu. Allah Ya kare mu da zuriyarmu daga annoba, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.